A DAWO KO A BAR SU?

✍️ Munawwara Zubair Karaye (Maman Mu'az)

SHAFI NA 19

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wannan shafin na baiwar Allahn nan ne da ta kira ni ina tsaka da tuƙa tuwo, ta ce in ban wanke Sulle ba ta daina karanta labarina. Hajiya, tuwon ya yi gudaji, alhakinsa kuma yana wuyanki 😂

Sababbin shigowa da ke tambayar inda aka kwana, ga shi a gurguje. TSAWA ƙungiyar kiɗa ce ta samari huɗu 'yan Rogo, masu jita da ganga da lasifika, da suka tashi kan matasa tun daga Karaye har Kano. Ɗanmaliki ke waƙa, Shitu na kan ganguna, Badaru na riƙe da jita mai kaurin sauti, Sulle kuma da jitar da ake cewa kuka take yi. A 1994, ana tsakiyar wasa a filin ƙwallon Karaye, Sulle ya zaro aska ya tsinke wayoyin jitarsa guda shida, ya sauka ya yi tafiyarsa. Daga ranar Tsawa ta watse, kuma bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Watan jiya wani ya ɗora tsohon kaset ɗinsu a Tiktok, gari ya ɗauka. Ukun sun ce a shirye suke su dawo. Saura Sulle.

* * *

Tun da aka idar da sallar asuba guruf ɗin MASOYAN TSAWA bai huta ba.

Bahijja, 'yar Sulle ta fari, malamar firamare a Rogo Sabon Gari, ita aka ƙaƙaba wa admin, wai don ta fi kowa haƙuri. Asabar ce babu makaranta. Tana zaune a tsakar gidansu na Rogo Ruma da tiren gyaɗa a cinya, ɓarar ma ta gagara, sai latsa waya.

Lukumanu Tela: A DAWO! Ko da sanda za su hau dandamali, a dawo!

Hajiya Ummu Hani: Don Allah a bar su. Ɗanmalikin da na sani mai gashi ne buya-buya. Yanzu haƙori nawa ya rage masa? Kuna so ya buɗe baki zai ce Tsawa ta fito Sawa?

Mujahid: Hajiya ai murya ba a haƙori take ba.

Barira: Ni jiya na ga Shitu a kemis yana sayen man zafi na gwiwa. Wace ganga kuma?

Lukumanu Tela: Da hannu ake kiɗa, ba da gwiwa ba!

Barira: Tasu har da ƙafa ake takawa. Kai da kake cewa ka fi kowa saninsu?

Hajiya Ummu Hani: Abin da ya yi daɗi jiya a bar shi a jiyansa. Tuwon da ya kwana ba ya komawa sabo.

Lukumanu Tela: Hajiya ashe ba ki san ɗumame ya fi tuwo daɗi ba!

Dariya ta suɓuce wa Bahijja. Ba ta gama ba wani saƙon ya faɗo, ya mayar mata da ita ciki.

Lukumanu Tela: Mu daina ɓoye-ɓoye. Mutum ɗaya ya kashe mana Tsawa, Sulle Tsinkau. Girman kai ne kawai. Yau ɗin nan zan je gidansa in faɗa masa a gaban idonsa.

Sulle Tsinkau. Sunan da aka yi ta tsokanarta da shi tun tana aji uku ke nan. Ta kife wayar, ta ɗaga kai ta dubi mahaifinta.

Yana can gindin tsohon rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Rumbun nan kansa abin mamaki ne a gidan. Duk shekara sai Sulle ya sake masa jinka, ya yaɓe inda ya tsage, amma ko zangarniya ɗaya ba a taɓa zuba masa ba. In an tambaya sai ya ce na Malam ne, wato mahaifinsa marigayi Malam Abdulmutalib, maganar ta ƙare a nan.

Abin da Bahijja ke kallo kuwa hannunsa na hagu ne. Yatsun suna tafiya a jikin ƙotar, suna danna nan su koma can, shi kuma bai ma san suna yi ba. Haka suke yi a kan sitiyarin babur, haka suke yi a bakin tabarma. Tausayinsa ya cika mata ciki.

"Baba."

"Na'am."

"Lukumanu tela ya ce zai zo."

"Allah ya kawo shi lafiya. Ki ce masa wandon da ya ɗinka min da Sallah ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

Daga bakin ƙofar ɗaki aka ce, "Wane ne kuma Lukumanu?"

Gwaggo Sauda ce, ƙanwar marigayi Malam. Kwananta biyar da zuwa daga Gwangwan ganin likitan ido. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, bakinta ya fi jikinta nauyi. Gefenta ga ƙunshin nan na tsohon zane da ba ta rabuwa da shi, biki ko suna ko asibiti. Jikoki sun daɗe da yanke hukuncin likkafaninta ne, don haka babu mai taɓawa.

"Wani masoyin kiɗan su Baba ne, Gwaggo."

Gwaggo ta taɓe baki. "Masoya. Allah ya raba mu da son da ba hankali."

Ba a yi rabin awa ba aka ji tsayuwar a-daidaita a ƙofar gida, da muryoyi biyu suna musu tun kafin su sauko.

Jama'a, shugaban 'yan A Dawo da shugabar 'yan A Bar Su a keke ɗaya! Wai kowa ya ƙi yarda ɗan uwansa ya riga shi isa wurin Sulle, shi ne suka haɗa hanya.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Lukumanu ya shigo cikin wata riga da ya ɗinka wa kansa, an rubuta TSAWA a ƙirji, tumbi ya ja rubutun har harafin tsakiya ya fi sauran faɗi. Hajiya Ummu Hani, mai kantin atamfa a Karaye, ta zauna can gefe tana fifita da bakin mayafi. Bahijja ta kawo ruwa ta tsaya jikin ƙofa. Gwaggo kuwa babu wanda ya gayyace ta, ta ja kujerarta 'yar tsugunno ta dasa a bakin zauren.

"Yaya Sulle, barka da hantsi."

"Barka kadai, Lukumanu. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya ɗinki?"

"Alhamdulillahi."

"Hajiya, an zo lafiya? Ya mutanen Karaye?"

"Duk suna gaishe ka, Malam Sulle. Ya kaka? An samu gyaɗa?"

"Mun gode Allah."

Aka gaida Gwaggo, ta amsa tana ƙare wa Lukumanu kallo da idonta mai lafiya.

Hajiya ce ta fara.

"Malam Sulle, ni na zo ne in ce kar ka bari a taso ka. Kun yi abinku lokacin da ƙarfi ke jiki, mun ji daɗi, mun yi rawa, wasunmu ma a wurin wasanku suka samu mazan aure. Ku bar mana shi yadda yake."

"Hajiya ki bari in yi magana!" Lukumanu ya gyara zama. "Yaya Sulle, kaset ɗinku uku, duk ina da su. Sunan shagona Tsawa. Ranar da kuka watse kwana biyu ban ci abinci ba, uwata ta ɗauka aljanu ne. Shekara talatin da ɗaya ina jiran rana irin ta yau. Ɗanmaliki ya yarda. Shitu ya yarda. Badaru har ya aiko daga Zariya yana tambayar ranar gwaji. Kai kaɗai ka tsaya mana a wuya."

Sulle ya yi murmushi. "Ku nemi wani yaro mai jita mana. Sun cika gari."

"Babu Tsawa in babu kai, ka sani!"

"To, ka ji."

"Wallahi girman kai ne!" Muryar Lukumanu ta fara rawa. "Ka tsinke waya a gaban mutum dubu, ka bar 'yan uwanka tsaye kamar gumaka, ko uffan. Me muka yi maka? Mu da muke son ka? Ko kare ne ya bi ka shekara talatin ai ka waiwaya ka ce masa wani abu!"

Bahijja ta ji idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe baki, Sulle ya ɗaga mata hannu.

"Ƙyale shi. Ya faɗi gaskiyarsa."

"Kai, mai tumbi."

Gwaggo ce, ta nuna Lukumanu da sandarta.

"Tun ɗazu nake neman inda na san wannan goshin. Ba kai ne ɗan Salisu mai goro ba, na bakin kasuwar Rogo?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Gwaggo," in ji Sulle a hankali, "don Allah ki bari."

"Ba zan bari ba! Ka yi shiru shekara talatin, me shirun ya haifa? Ga shi an biyo ka har gida ana kwatanta ka da mai kare." Ta juya ga Lukumanu. "Ana jibi za a yi wannan wasan na Karaye, wa ke tsaron teburin goron ubanka?"

"Ni... ina jin ni ne."

"Yayana Malam Abdulmutalib ya zo sayen goro?"

Lukumanu ya ɗan yi tunani, sai fuskarsa ta washe.

"Ƙwarai! Ya zo! Har gyara na yi masa. Ai ni na fara yi masa albishir."

"Madalla. Maimaita mana albishir ɗin."

"Na ce masa, Baba ka haifi ɗa! Duk Kano babu wanda ya kai Sulle iya rok. In ya fara, har liƙi ake yi masa a goshi."

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, wani ɗan bautar ƙasa ne a makarantarsu ya taɓa ce wa su Sulle irin kiɗan da suke yi sunansa rok a ƙasar Turawa. Shi ke nan samarin Rogo suka riƙe kalmar, ko gaisuwa za su yi sai sun saka ta.

"Sai ya ce me?" in ji Gwaggo.

"Ya juyo min da kunne ya ce, me ka ce yana yi? Na ɗaga murya na ce rok, Baba, rok! Sai ya ce, roƙ..."

Lukumanu ya tsaya.

Bakinsa a buɗe, kalmar ta maƙale.

"Ƙarasa mana," in ji Gwaggo. "Ai kai ne mai baki."

"Roƙo," ya faɗa da ƙyar. "Cewa ya yi roƙo. Ni kuma na ce... na ce e, shi fa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya, ta dafe ƙirji.

Gwaggo ta buga sanda a ƙasa.

"Mutumin da kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi! Ya zo wurina Gwangwan ko goron bai ɓare ba. Ya ce min, Sauda, yaron nan roƙo yake yi a birni. Na ce Yaya a bincika. Ya ce zai gani da idonsa. Ranar wasan ya ɗauko ni a bayan kekensa har Karaye, ƙashin bayana bai manta ba har yau. Muna isa me zai gani? Wani alhaji tsaye yana manna wa ɗansa kuɗi a goshi. To me ya rage?"

Bahijja ta juya ga mahaifinta. Kansa a ƙasa.

"Baba, gaskiya ne?"

Ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Da aka tafi hutun rabin wasa ya aiko aka kira ni bayan dandamali. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, roƙo sana'a ce, masu ita suna da gidansu da mutuncinsu, amma mu ba mu gada ba. Ya nuna jitar da sandarsa ya ce, in ka ƙara, ban yafe ba. Na koma sama, Ɗanmaliki ya ɗauko waƙa, na ɗora yatsa a kan waya, hannuna ya ƙi."

"Me ya hana ka yi masa bayani?"

"A gyara wa uba magana a cikin taro, Bahijja? Da kuɗin mutane manne a goshina?"

"To su Baba Ɗanmaliki fa? Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"In ce musu me? Kin san Rogo. Kafin magariba an mayar da shi abin dariya. Duk inda ya gifta da kekensa yara su bi shi suna Malam Rok, Malam Roƙo. Tsoho ne mai mutunci." Ya goge fuska da tafin hannu. "Gara a kira ni Tsinkau."

Wayyo ni Munawwara. Ina rubutawa ina share ido.

Lukumanu dai bai san lokacin da ya zame daga tabarma ya durƙusa ba. Gumi ya jiƙa TSAWAr ƙirjinsa.

"Ni ne? Yaya Sulle, ni na kashe Tsawa? Ni da na yi shekara talatin ina zagin wanda ya kashe ta?"

"Tashi, Lukumanu."

"Kuma ka sani? Duk Sallah kana kawo min ɗinki, ka sani?"

"Tun a daren Gwaggo ta faɗa min."

"Ba ka taɓa nuna min ba!"

"Alfahari ka yi da ni. A kama mutum da laifin so?" Sulle ya ɗan murmusa. "Wandon dai da ka ɓata min, wannan kam ban yafe ba."

Lukumanu ya fashe da kuka da dariya a haɗe, abin ba kyan gani. Ya ja hanci ya ce, "Hajiya, na dawo ɓangarenki. A bar su. Wallahi a bar su. Yanzu zan rubuta a guruf."

"Rubuta me?" Hajiya ta fizge mayafinta tana matsar hawaye. "Ni kuma yanzu nake so a dawo! Mutum ya haɗiye abu irin wannan shekara talatin, a ce ya mutu bai ƙara taɓa jitarsa ba? Ban yarda ba!"

"Hajiya, ke fa kika ce haƙoran Ɗanmaliki..."

"A sa masa na roba!"

Bahijja ta tako ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka duba maganar da kyau. Roƙo Malam ya hana ka. Kai kuwa ba ka taɓa roƙon kowa ba. Ashe ke nan babu abin da ya hau kanka."

Sulle ya girgiza kai.

"Na yi wannan tunanin ya fi sau dubu. Amma jitar ya nuna da sandarsa, ina gani. Ba a yi wa mamaci wayo, Bahijja. Da yana raye sai in je in durƙusa. Ya tafi da maganarsa, ni kuma zan tafi da biyayyata. Ku ba su Ɗanmaliki haƙuri."

Ya dafa ƙasa zai miƙe.

"Zauna!"

Gwaggo ce kuma. Wannan karon muryarta ba ta faɗa ba ce.

"Sulaimanu. Yayana ya yi shekara uku a duniya bayan wannan ranar. A hannuna ya yi jinya, a hannuna ya cika. Shekara ashirin da takwas ke nan ina zuwa gidan nan, kana yanka min kaza, kana tambayata ƙafa, kana tambayata ido, kana tambayata awaki. Babu wani abu kuma da kake son tambayata?"

Sulle ya koma ya zauna.

"Ni fa tsufa nake yi. Ido ɗaya ya tafi. Kar ka bari in bi shi."

Yatsun hannunsa na hagu suka fara tafiya a bakin tabarma, suka tsaya. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Muryar da ta fito ba ta dattijo ɗan kusan sittin ba ce.

"Gwaggo... da fushina ya tafi?"

Gwaggo ta ɗaga hannu biyu sama.

"Alhamdulillahi! Yau dai kurma ya yi magana. Bahijja, miƙo min ƙunshina."

Bahijja ta ja baya. "Gwaggo, likkafanin?"

"Likkafanin gidanku! Miƙo min."

Aka kawo. Ta ɗora a cinya, ba ta kwance ba tukuna.

"Bayan abin da shekara guda, muna zaune ni da shi a rumfar wani mai gyaran rediyo a kasuwa, aka saka kaset ɗinku. Na zabura zan ce a kashe, ya riƙe min hannu. Ya juya kunnensa mai ji. Wannan waƙar taku ta hadari."

"Hadarin Gabas!" Lukumanu da Hajiya suka faɗa tare. Hajiya har ta ɗauko amshin a hankali: "Hadari ya haɗo gabas, Sauda kwashe shanya..."

"Ita. Ya saurara har ta ƙare. Ya ce a mayar. Aka mayar sau uku, mai rediyo har ya fara tsaki. Kun san me yake jira? Jira yake ya ji sunan alhajin da ake wa kirari. Mun kamo hanyar Gwangwan zai mayar da ni gida, muna kaiwa gada ya tsayar da keke. Ya ce, Sauda, wannan wane irin roƙo ne da ba a ambaci mai kuɗi ko ɗaya ba? Duk waƙar sunanki kaɗai na ji, ke ɗin ma shanya aka ce ki kwashe."

Dariya ta ƙwace wa Bahijja cikin hawaye.

"Ya ce, Sauda, yaron nan bai roƙi kowa ba. Na zalunce shi."

Sulle ya rufe ido.

"Na ce to Yaya kira shi ka faɗa masa. Ya ce magana zarar bunu ce, kuma da wane ido zai dubi ɗan fari ya ce na yi kuskure? Ka san shi, ko sunanka ba ya iya kamawa, sai yaron nan. Kai kuma ka zo ka gaishe shi ka sunkuyar da kai ka tashi. Jirgi ɗaya ya kwaso ku, ku biyun."

Ta fara kwance ƙullin. Zane na farko, sai wani tsumma, sai takardar siminti da ta yi laushi don tsufa.

"Ana saura sati biyu ya rasu ya lallaɓa kasuwa shi kaɗai, ya dawo da wannan. Ya ce, ki riƙe. Ranar da ya tambaye ki ko da fushinsa na tafi, ki ba shi. In bai tambaya ba kar ki ɗora masa, wataƙila ya huta da abin."

"Haba Gwaggo!" in ji Hajiya. "Shekara ashirin da takwas? Ai da kin ɗan yi masa nuni!"

"Amana ce. Yadda aka ba ni haka zan bayar. Kin san biki nawa na je da ita a hammata, don ban san ranar da zai buɗe baki ba?"

Ta warware takardar, ta tura gaban Sulle.

Wayoyi ne a nannaɗe, an shafe su da man keke don kar su yi tsatsa. Lukumanu ya leƙo, ya ƙifta ido.

"Wannan ai... wayar birkin keke ce."

"Ita ce," in ji Gwaggo. "Na ce masa Yaya, anya da wannan ake yi? Ya ce ke me kika sani, ni na ga lokacin da ya haɗa ta farko."

Bahijja ba ta gane ba. Ta dubi mahaifinta.

Sulle ya sa hannu ya ɗauki ɗaya.

"Ina ɗan shekara tara," ya ce, "na haɗa jita da galan ɗin mai da sandar gora. Waya ta gagare ni, na je na cire birkin kekensa. Washegari ya tafi kasuwa, ya faɗa cikin gonar rogon mutane." Ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Ya dawo da ƙaya a jiki, ya same ni ina kaɗawa a bayan rumbu. Na ce yau na mutu. Ya tsaya ya daɗe yana ji. Sai ya ce, gobe in za ka cire, ka cire na baya, ka bar min na gaba."



Sulle ya shiga jera wayoyin a kan tabarma, yana ƙirgawa da leɓe. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar.

Shida.

"Ya ƙirga waɗanda ka tsinke," in ji Gwaggo a hankali. "Yana tsaye a wurin."

Sulle ya kifa fuskarsa a kan wayoyin. Kafaɗunsa suka shiga girgiza. Bahijja, da ba ta taɓa ganin hawayen ubanta ba ko ranar da aka binne mahaifiyarta, ta riƙe gefen rigarsa kawai tana kuka.

Lukumanu ne ya kasa haƙuri, cikin raɗa ya ce, "Allah sarki. Ga waya, babu jita. Ai an ce ƙona ta ka yi a daren."

Sulle ya ɗago. Ya share fuska da hannun riga, ya tattara wayoyin shida ya riƙe su gam a hannun hagu. Ya miƙe, ya juya yana kallon tsakar gida, can inda tsohon rumbun Malam yake tsaye da sabuwar jinka.

"Bahijja."

"Na'am, Baba."

"Shiga maƙwabta ki aro min tsani."